Ladi Kwali, Maginiyar Tukwanen da ke Bayan Naira 20

Ina taya mu murnar zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. A bana filin tarihi ya faɗo kan wata baiwar Allah wadda kusan kowaccenmu ta taɓa ƙulle hotonta a bakin zane, ko ta miƙa shi canji, ba tare da ta tsaya ta dube ta ba. Ku nemo takardar naira 20, in har da saura a gidanku, don yanzu ko ruwan leda ba ta saye a wurare da yawa. A gaba Janar Murtala ne. Ku juya baya, za ku ga mace zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali. A bayan naira 10 ma akwai mata, 'yan Fulani masu tallar nono, amma ba a san ko su wane ne ba. Ladi ita kaɗai ce macen da aka sa a takardar kuɗinmu da sunanta.

An haife ta wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, waɗanda mu Hausawa muke kira Gwari. Sunan nata ma ya isa ya gaya muku ranar Lahadi aka haife ta. Kwali a yau ƙaramar hukuma ce a Babban Birnin Tarayya, kan hanyar da ta nufi Lakwaja, amma a wancan lokaci ƙauye ne na manoma, ba wanda ya taɓa mafarkin za a kai hedikwatar ƙasa kusa da shi. A can ginin tukwane aikin mata ne, kamar yadda ƙuli-ƙuli da daddawa suke a wurinmu. Yarinya tana tasowa take ganin ana haƙo yumɓu, ana jiƙa shi, ana kirɓawa. Ladi ba ta shiga makarantar boko ba. A hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata ta koyi sana'ar tun tana ƙarama.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda suke ginin, don wanda bai gani ba zai ɗauka wasa ne. Babu inji, babu ma'auni. Za a aza curin yumɓu a kan wani ɗan mazauni, mace ta luma hannu a tsakiyarsa ta yi rami, sai ta riƙa jan bangon sama tana zagaya tukunyar da ƙafa, a sunkuye. Tukunyar tana nan inda take, maginiyar ce take juyawa. In yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora, ta shafe da yatsu, ta daddale da ɗan katako, har randa ta kai tsayin da ake so, bakinta a zagaye kamar an gwada da faifai. Kafin ta bushe sai a zane jikinta da tsinke ko wata 'yar wuƙa, a mirgina ɗan zare ko ɗan itace mai tsaga don ya bar sawu. In ta sha iska sai a tara tukwanen a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa a cinna wuta. Da zafinsu ake yayyafa musu makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya ba su wannan duhun mai sheƙi.

Duk matan garin sun iya wannan. Abin da ya fitar da Ladi daban shi ne hannu da ido. Randarta ba ta karkacewa, zanenta kuma kamar zai yi motsi: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu, kowanne a cikin gidansa da ta shata masa da layuka. Kun san yadda abin yake a kasuwa, mata goma za su jera da kaya iri ɗaya, amma akwai wadda nata ke ƙarewa tun kafin azahar. Tun Ladi tana da ƙuruciya tukwanenta suka yi suna, har manyan mutane suka riƙa saye ba don zuba ruwa ba, don ajiyewa a yi ado. Cikin masu ajiyewar har da Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau.

A nan sai a kula, kada yara su rikice. Abujar da ake magana ba wadda kuka sani yanzu ba ce. Tsohuwar Abuja ita ce garin da ake kira Suleja a Jihar Neja, wanda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa. Bayan gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan shi wannan Sarki Sulaimanu. Kun ga ke nan mutum biyun da ke gaba da bayan naira 20 akwai abin da ya haɗa su.

To a 1950 wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew, shi ma maginin tukwane ne, wanda ya riga ya yi shekaru yana aikin a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi ya zagaya Nijeriya ya ga yadda za a inganta sana'ar. Ya zaga, ya dudduba, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya gani: tukwanen gargajiya ba su da wani aibu da za a gyara. Suna da araha, suna sanyaya ruwa, suna jure wutar murhu, kuma matan da ke yin su sun fi ƙarfin a koya musu. Wannan magana ta burge ni, don ba kowane mai zuwa da sunan taimako ne yake iya kallon abin da ke hannunki ya ce wannan kam ya yi ba. Abin da ya ba da shawara shi ne a buɗe wurin koyar da wani ginin daban, irin na tangaran: kofuna, farantai, butocin shayi, kayan da ake shigowa da su daga waje. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau, ga itace, ga ruwa, ga kuma sarki mai son abin. A fadar sarkin ne ya fara ganin tukwanen Ladi.

Cibiyar ta fara aiki a farkon shekarun 1950, kuma ga abin mamaki: sana'ar mata ce a ƙasar, amma da aka tashi ɗaukar ɗalibai sai aka ɗebo maza. Haka abin yake tun da can. Muddin sana'a tana tsakar gida ana yin ta da hannu, ta mata ce. Ranar da inji ya shigo, kuɗi suka fara ƙauri, sai ka ga maza sun tsaya a kanta. Ku dubi niƙa, ku dubi matsar man gyaɗa, ku dubi casar shinkafa. Sai a 1954 Ladi ta shiga cibiyar, tana da kusan shekara 30 a duniya, ita ce mace ta farko. Ina so 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci su riƙe wannan, masu cewa girma ya kama su. Mace ce da ta riga ta yi suna a sana'arta, sarki na sayen kayanta, amma ta yarda ta zauna cikin maza a matsayin ɗaliba.

A can ta koyi aiki da keken juya yumɓu, wanda shi tukunyar ce ke juyawa mutum yana zaune. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake yi da toka da garin dutse, ta koyi gashi a cikin rufaffen tanderu mai zafin da ya wuce awo 1,200, wanda wutar fili ba ta ko kusantarsa. Ta yi kwanuka da kofuna da butoci, ta ƙware har ta zama mai koyar da wasu. Kayan cibiyar ana buga musu hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, kusa da shi kuma alamar wanda ya gina. Tata alamar haruffa biyu ne, L da K. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙauye tukunya ba ta da suna, in ta bar hannunki ta zama ta kowa. Da alamar nan, duk inda kayanta suka je a duniya an san nata ne, kuma mai so zai nemi nata musamman. Masu sabulu da turaren wuta a cikinmu da suke ganin kuɗin buga takardar suna asara ne, su yi tunani a kan wannan.

Amma abin da ya ɗaukaka ta ba kofunan ba ne. Ba ta yar da ginin hannu da ta taso da shi ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta irin na Kwali, tana zagaya su da ƙafa kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya, sai dai yanzu da yumɓun cibiyar. Ta zana dabbobinta, a cike zanen da farar ƙasa, a shafe da ruwan ƙyalli, a sa a tanderu. Abin da ke fitowa ba a taɓa ganin irinsa ba, siffar ta Gbagyi, ƙyallin na tangaran. Ilimin da aka ba ta ya zo ya sami wanda take da shi, suka haɗu. Da a ce ranar da ta shiga an ce mata ta manta da na ƙauye ta kama na Turawa, da ta zama ɗaya daga cikin masu yin kofi, da kuma yau ba mu san sunanta ba.

An kai kayan cibiyar Landan an baje kolinsu a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan idon mutane. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta yi gini a gaban malamai da ɗaliban manyan makarantun zane, ta kuma je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Ku kwatanta abin a ranku: mace daga Kwali, da ɗaurin zanenta, ɗaki cike da masu digiri sun yi tsit suna kallon hannunta, cikin ɗan lokaci curin laka ya zama randa. Wadda aka ɗauka a koya mata, ita ce ta koma tana koyar da ƙasar malaminta. Cibiyar ma da kanta ta ci albarkacinta, don wuri ne da ba ya iya riƙe kansa da cinikin gida, sunan da aka samu a waje ya taimaka ƙwarai wajen barin ƙofarsa a buɗe.

Kuma ba ta shiga ta rufo ƙofa ba. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, wasu mata huɗu 'yan ƙasar Gbagyi sun biyo sawunta: Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa. Suna da ɗakinsu a cibiyar da ake kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan randuna da hannu, tare. Ni a wurina wannan ɗaki ya fi tafiyar Landan daɗin ji. Mace ɗaya ta yi fice abin alfahari ne, amma mata biyar a ɗaki ɗaya, kowacce da alamarta, wannan ya fara kama da abin da muke yi a nan.

Yanzu bari in faɗi inda nake da ja, a matsayina na 'yar kasuwa. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafo da shi kaɗan-kaɗan, iska tana busarwa, sanyi yana shiga. Da aka gasa ta a tanderu aka shafe da ƙyalli, sai ƙofofin nan suka toshe. Ta yi kyau, ta yi ƙarfi, amma ta yi nauyi ƙwarai, ba ta sanyaya ruwa, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar da ke ɗebo ruwa a rafi. Irin wannan yumɓu ba a ɗora shi a murhu ma, sai ya tsage. Wato randar ta tashi daga kayan amfani ta koma kayan kallo, masu sayenta kuma Turawa ne da manyan ma'aikata. Ba laifi ba ne, kuɗi kuɗi ne, kuma wanda ya sami mai saye da tsada ba ya korar sa. Amma kasuwar da ke nesa, wadda sai wani ya ɗauki kayanki ya kai, ya yi magana da harshen da ba kya ji, ya dawo ya gaya miki yadda aka yi, wannan kasuwa aro ce. A gefe guda kuma dubban mata magina da ke ƙauyuka ba su shiga wannan lissafi ba. Su abin da ya zo ya same su shi ne tukunyar dalma da bokitin roba, suka cinye musu ciniki a hankali, babu wata cibiya da ta tsaya musu.

Na kawo wannan ne don a zamaninmu horon ya yawaita. Ita cibiyar Abuja ta gwamnati ce, yanzu kuwa galibi ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke zuwa, wasu na gida wasu na waje, kuma mun ga iri-iri. Akwai bitar kwana uku: a tara mata, a koya wa kowa sabulun ruwa da man shafawa, a ba da kuɗin mota da satifiket, a ɗauki hoto, a tafi. Bayan wata guda unguwa ta cika da sabulu iri ɗaya, kowa na yi, ba mai saye, jarin ya narke a cefane. Ba wanda ya tambayi matan nan me suke yi tun da. Wataƙila a cikinsu akwai wadda daddawarta ta fi ta kowa a garin, abin da take buƙata kawai yadda za ta busar da ita da tsabta ta ƙulla a leda mai suna. Akwai kuma horon da ya zauna da gindinsa, wanda aka koya mana rubuta shiga da fita, raba kuɗin jari da kuɗin miya, fitar da farashi har da ladan wahalarki a ciki, buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Wannan kam har gobe muna cin moriyarsa, don ya hau kan sana'ar da muke da ita ne.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da misali mai kyau a kan haka. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Ba su zo da buhun kuɗi ba. Sun tarar mata sun san adashi tun kaka da kakanni, sai suka ɗora a kansa: a riƙa zubi kowane mako a akwati mai kwaɗo, a ba 'yar ƙungiya rance daga ciki ta juya ta dawo da shi da ɗan ƙari, a ware wani abu don rashin lafiya ko haihuwa, ƙarshen zango a fasa a raba. Mai koyarwa yana zama da su na wasu watanni sannan ya janye, su ci gaba da kansu. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa a Afirka da wajenta. Daidai da randar Ladi ne, tsohon gini da sabon gashi. Bambancin kawai shi ne su makullin akwatin yana hannunsu. Don haka in baƙi suka zo mana da tayin horo, shugabanninmu su riƙa tambaya tun kafin a shimfiɗa tabarma: a kan wace sana'ar tamu za a ɗora, wata nawa za a yi ana bibiya, kuma wa zai sayi kayan in an gama.

Mu koma kan Ladi. Girmamawa ta zo mata tana da rai, abin da ba kowa ke samu ba. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta taɓa zama a aji ba, shi ya sa za ku ji ana cewa Dakta Ladi Kwali. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake ba masana da masu fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata lambar OON. Duk da haka ba ta bar laka ba. Ta ci gaba da gini da koyarwa a cibiyar, kusan shekara 30 ke nan tun shigarta, har aka sa wa wurin sunanta.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan mutuwar Cardew. Akwai titi mai sunanta a Abuja, tukwanenta suna ajiye a manyan gidajen tarihi na Landan da Washington, kuma a 2007 Babban Banki ya fitar da takardar naira 20 ta leda mai hotonta. Sai dai a hoton an nuna ta zaune ne a gaban keken juya yumɓu, na Bature, alhali abin da duniya ta yi tururuwar gani shi ne ginin da take yi a tsaye da hannu, na iyayenta mata. Ni da an tambaye ni da wancan zan zaɓa.

Cibiyar Suleja kuwa bayan rasuwarta aiki ya yi ta ja da baya, kamar yadda kayan gwamnati kan yi in mai kula ya kau. A Ushafa, kusa da Bwari, an buɗe wa mata wani wurin ginin tukwane a ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, har shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin a shekarar 2000. Matan Gbagyi a can da sauran ƙauyukan yankin suna nan suna haƙo yumɓu, suna zagaya randa da ƙafa. Duk wadda hanya ta bi da ita ta wajen, ta tsaya ta saya a hannunsu kai tsaye, kada kuma ta tsananta tayi, don randa ɗaya daga haƙar laka zuwa gashi tana cin kwanaki.